Me ya sa Lane Kiffin ya bar Ole Miss ana dab da gasar da ya yi shekara shida yana nema?

Ranar Lahadi, 30 ga Nuwamban 2025, magoya baya suka taru a bakin shingen ƙaramin filin jirgin saman Oxford, a jihar Mississippi ta Amurka, suna yi wa wani mutum ihu da ashar yayin da yake shirin hawa jirgi. Mutumin shi ne Lane Kiffin, kocin ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Mississippi, wadda aka fi sani da Ole Miss. Kwana biyu kacal kafin nan kirari ake yi masa a garin, don ya kai ƙungiyar inda ba ta taɓa zuwa ba: wasa 12, nasara 11, ga gurbi yana jiranta a gasar fitar da zakaran ƙasa. Amma bai tsaya ya ja ragamar yaran a gasar ba. Ya karɓi aikin Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, maƙwabciya kuma tsohuwar abokiyar hamayya, a kan kwantiragin shekara 7 na kimanin dala miliyan 91.

Ga wanda bai saba da harkar ba, ba ƙwallon da muke kallo a Firimiya ake magana ba. Wannan ta Amurkawa ce, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa, 'yan wasa sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. Kada kuma ka ɗauka wasan motsa jiki ne na ɗalibai bayan lacca. Filin wasan LSU da ke Baton Rouge yana cin mutum sama da 102,000, na Jami'ar Michigan kuwa sama da 107,000, duk sun ɗara Wembley. Na Ole Miss kimanin 64,000 yake ɗauka, alhali mazauna garin Oxford gaba ɗaya ba su kai rabin haka ba. A jihohi da dama na Amurka babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'ar jiha albashi, gwamna ma bai kama ƙafarsa ba.

Jihar Mississippi ba ta da ƙungiya a gasar ƙwararru ta NFL, saboda haka jami'a ita ce komai. Ranar Asabar da ake wasa a gida, tun da sassafe iyalai ke cika wani fili mai itatuwa a tsakiyar jami'ar da suke kira Grove. Rumfuna ne jere iya ganinka, an shimfiɗa tebura da abinci, wasu har fitilun ado suke ratayawa a cikin rumfar, maza da kwat, mata da kwalliya, kaka da jika duk a wuri ɗaya. Yawancinsu a nan suka yi karatu, a nan iyayensu suka yi. Idan koci ya juya wa irin waɗannan mutane baya, ba su ɗaukarsa a matsayin ma'aikaci ya sauya wurin aiki. Gani suke an ce musu gidansu bai isa a zauna ba.

Mutumin da tarihinsa

Kiffin ba baƙon irin wannan rabuwa ba ne, kuma ba za a fahimci zafin da abin ya yi ba sai an waiwayi inda ya fito. Ɗan Monte Kiffin ne, wani shahararren mai tsara tsaron gida da ya rasu a 2024. Yana da shekara 31 ƙungiyar Oakland Raiders ta NFL ta ba shi koci a 2007, shekara ta zagayo mai ƙungiyar, Al Davis, ya kore shi, har ya kira shi maƙaryaci a gaban 'yan jarida. Jami'ar Tennessee ta ɗauke shi, ya yi kaka ɗaya tak a 2009, sai a watan Janairun 2010 ya sulale zuwa Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC. A daren da labarin ya fita ɗalibai suka fantsama kan titi, har katifa suka ƙona. USC ɗin ma ba ta yi masa daɗi ba: a watan Satumban 2013, bayan Arizona State ta lallasa su 62 da 41, aka sauke shi daga motar 'yan wasa a filin jirgin Los Angeles da tsakar dare aka ce aiki ya ƙare.

Nick Saban na Alabama ne ya tsamo shi, ya ba shi mataimaki mai tsara kai hari daga 2014 zuwa 2016. A nan akwai abin da ya kamata a riƙe. A ƙarshen 2016 Kiffin ya karɓi aikin koci a Florida Atlantic yayin da Alabama ke tsakiyar neman kofin ƙasa. An yi yarjejeniya zai ƙarasa gasar, amma ana saura mako ɗaya wasan ƙarshe Saban ya sallame shi, don ya ga hankalinsa ya rabu. Wato Kiffin ya taɓa ganin yadda babban koci ke yi da wanda ƙafarsa ɗaya ke ciki ɗaya ke waje.

Ole Miss ta ɗauko shi a ƙarshen 2019, kuma a gaskiya ya yi aiki. Wasa 55 ya ci, aka ci shi 19. Ya gane da wuri cewa ba zai iya gogayya da Alabama da Georgia wajen kwasar fitattun yaran sakandare ba, sai ya mayar da hankali kan 'yan wasan da ke neman sauya jami'a, har aka riƙa yi masa laƙabi da sarkin wannan kasuwa. Ɗan wasan da ya riƙe masa jifan ƙwallo a 2025, Trinidad Chambliss, daga Ferris State ya samo shi, wata jami'a da ke wasa a rukuni na ƙasa, wadda yawancin masu kallo ba su san da ita ba. Da wannan yaro Ole Miss ta doke LSU ɗin kanta 24 da 19 a watan Satumba. Wasa ɗaya kawai suka rasa, a gidan Georgia. Shekarun nan kuma Kiffin ya yi ta faɗi cewa Oxford ta gyara masa rayuwa, ya daina shan giya, ya samu natsuwa da iyalinsa. Mutanen garin sun yarda da shi. Shi ya sa abin ya yi musu ciwo.

A ɗaya ɓangaren, LSU ta kori kocinta Brian Kelly ranar 26 ga Oktoba, washegarin da Texas A&M ta zo har gida ta ci su 49 da 25. Kuɗin sallamar da ke cikin kwantiraginsa ya kai kimanin dala miliyan 54. Har gwamnan Louisiana, Jeff Landry, ya tsoma baki, ya ce daraktan wasannin jami'ar, Scott Woodward, ba shi zai zaɓi sabon koci ba, gara ma ya bar wa Donald Trump zaɓin. Washegari Woodward ya bar kujerarsa. Mako ɗaya kafin korar Kelly, Jami'ar Florida ita ma ta sallami Billy Napier. Manyan gidaje biyu a buɗe, duka a rukunin SEC na kudu maso gabas inda Ole Miss take, kuma duka biyun idonsu a kan mutum ɗaya.

Wane girma LSU ta fi Ole Miss da shi?

Tambayar tana da muhimmanci, domin a kakar 2025 dai Ole Miss ce a sama. LSU wasa 7 ta ci cikin 12. Maganar albashi ma ba ta isa ta bayyana komai ba, don rahotanni sun nuna Ole Miss a shirye take ta biya kusan abin da LSU ta saka.

Girman yana wasu wurare. Na farko tarihi. Koci uku da suka gabaci Kelly a LSU, kowannensu ya ɗauki kofin ƙasa: Saban a 2003, Les Miles a 2007, Ed Orgeron a 2019. Mutum uku masu hali daban da salo daban, duk sun kai. Duk kocin da ya dubi wannan zai ce gidan ne ke da albarka, kuma idan Miles da Orgeron sun iya, shi ma zai iya. Ole Miss kuwa rabonta da lashe ko da kofin SEC tun 1963.

Sai ƙasa da mutanenta. Louisiana na cikin jihohin da suka fi fitar da haziƙan 'yan wasa idan aka kwatanta da yawan jama'arta, kuma LSU ce kaɗai jami'ar jihar da ke cikin manyan rukunoni. Yaron da ya taso a New Orleans ko Shreveport, rigar LSU yake mafarkin sawa tun yana firamare. A Mississippi kuwa, ga ƙarancin jama'a, ga raba gari da Mississippi State. Kocin Ole Miss kullum sai ya fita neman abin da kocin LSU ke samu a ƙofar gida.

Abu na uku shi ne wanda ya sauya harkar baki ɗaya a 'yan shekarun nan, wato kuɗin 'yan wasa. Shekaru aru-aru doka ta hana ɗalibi karɓar ko sisi, ladansa karatu kyauta da abinci da wurin kwana, alhali gidajen talabijin na zuba biliyoyi. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba 'yan wasa damar cin moriyar sunansu da hotonsu, tsarin da ake kira NIL, sai attajiran tsofaffin ɗalibai suka riƙa haɗa asusu suna biyan yara. A watan Yunin 2025 kuma wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Don haka a yau koci mai wayo ba albashinsa kaɗai yake tambaya ba. Yana so ya ji nawa za a ware masa ya sayi 'yan wasa, nawa ne na mataimaka, kuma idan an yi kaka biyu ba nasara, attajiran nan za su ci gaba da buɗe aljihu? A wannan lissafi LSU ta fi zurfin aljihu, kuma Kiffin ya san haka.

Duk wannan hujja ce ta barin Ole Miss wata rana. Ba ta bayyana dalilin barinta a wannan mako ba. Amsar wannan tana cikin kalanda, kuma a ganina a nan ne ainihin ciwon yake.

Kalandar da ke tilasta rabuwa

Ana gama wasannin kaka a ƙarshen Nuwamba. Gasar fitar da zakara, wadda aka faɗaɗa daga ƙungiya 4 zuwa 12 a 2024, tana farawa bayan tsakiyar Disamba, ba ta ƙarewa sai kusan 20 ga Janairu. A tsakanin nan kuwa akwai ranaku biyu da babu jami'ar da za ta yarda su riske ta ba koci. Ta farko ita ce ranar da yaran sakandare ke sa hannu a takardar jami'ar da suka zaɓa. A 2025 ta faɗo ranar 3 ga Disamba, kwana uku bayan tafiyar Kiffin. Uba ba zai bar ɗansa ya sa hannu a jami'ar da ba a san wa zai horar da shi ba. Ta biyu ita ce kasuwar sauya sheƙa, wadda aka buɗe daga 2 zuwa 16 ga Janairun 2026, ana tsakiyar gasar. Wanda bai shiga kasuwar nan da wuri ba, ragowa zai tarar.

To LSU ba za ta jira zuwa ƙarshen Janairu ba, ko da Kiffin ya roƙe ta. Sakamakon haka shi ne, kocin da ya fi kowa nasara, wanda manyan gidaje suka fi so, shi ne kuma wanda yaransa ke da sauran wasa mafi girma a gabansu. Tsarin da kansa yake haɗa waɗannan biyu a mako ɗaya kowace shekara. Kelly ɗin da aka kora, haka ya zo LSU: a ƙarshen Nuwamban 2021 ya bar Notre Dame tana da nasara 11 cikin 12, tana jiran ko za ta samu gurbi a gasar, 'yan wasansa suka fara jin labarin a kafafen sada zumunta kafin ya tara su da sassafe ya yi musu gajeren jawabi ya fita.

Wannan ne ma ya sa maganar koci a watan Nuwamba ba a cika riƙe ta ba. Idan ya ce yana tunanin tafiya, yaran da ya yi wa alkawari za su watse kafin ya yanke shawara. Idan ya yi shiru, jita-jita ta cinye ƙungiyar. Sai a koma musu. Saban, yana kocin Miami Dolphins a Disamban 2006, ya ce ba shi zai zama kocin Alabama ba, kafin mako biyu ya cika ya zama. Lincoln Riley na Oklahoma ya ce a 2021 ba shi ne sabon kocin LSU ba, kuma bai yi ƙarya ba, don washegari USC ya tafi. Mutanen Oxford ma suna da nasu tabon: a 1998 kocinsu Tommy Tuberville ya ce sai dai a fitar da shi daga garin a akwatin gawa, kwana biyu tsakani ya koma Auburn. Akwai kuma dillalan kociyoyi, irin su Jimmy Sexton wanda ke wakiltar Kiffin da wasu manyan SEC da dama. Jita-jitar tafiya riba ce a wurinsu, don ko kocin bai tafi ba, jami'arsa za ta ƙara masa albashi don ta riƙe shi.

A Nuwamban 2025 an ga abin da idanu. Iyalin Kiffin suka je Gainesville suka duba gari, suka je Baton Rouge suka duba. Masu bibiya a intanet suka koma bin sawun jiragen haya, wanne ya tashi daga ina ya sauka ina. Ƙungiyar da ke kan hanyar kafa tarihi, ba a tambayar 'yan wasanta komai sai maganar kocinsu. Daraktan wasannin Ole Miss, Keith Carter, ya gaji, ya fitar da sanarwa cewa za a san matsaya washegarin wasan hamayya da Mississippi State. Ranar Juma'a 28 ga wata Ole Miss ta ci 38 da 19. Asabar ta zo ta wuce ana ganawa, ana kuma jiran sakamakon Alabama da Auburn, don da Auburn ta yi nasara, Ole Miss za ta buga wasan ƙarshe na SEC a mako mai zuwa. Alabama ta ci, wannan ƙofa ta rufe, Lahadi kuma Kiffin ya tafi.

Abin da ya nema shi ne a bar shi ya karɓi aikin LSU amma ya ci gaba da jan ragamar Ole Miss har gasar ta ƙare. Carter ya ce a'a. Kiffin ya ce 'yan wasan da kansu sun roƙa a bar shi, wasu daga cikinsu kuma suka fito fili suka musanta hakan. Nan take aka ɗaga Pete Golding, mai tsara tsaron gida, ya zama koci na dindindin.

Masu goyon bayan Kiffin suna da magana, kuma ba a banza ba. A makon da Kiffin ya tafi, kocin Tulane Jon Sumrall ya karɓi aikin Florida, Tulane ta bar shi ya kai ta gasar. Bob Chesney ya karɓi UCLA, jami'arsa James Madison ita ma ta bar shi. Me ya sa Ole Miss ba za ta yi haka ba? Bambancin shi ne, Tulane da Florida ba yara ɗaya suke nema ba, ba kuma za su haɗu a fili kowace shekara suna ƙwace wa juna gurbi ba. LSU da Ole Miss kuwa kasuwa ɗaya suke ci. Barin Kiffin ya zauna yana nufin kocin LSU zai kwana bakwai bakwai yana cikin ɗakin 'yan wasan Ole Miss, yana ganin wa ke farin ciki wa ke ƙorafi, har ranar da kasuwar sauya sheƙa za ta buɗe. Duk nasarar da aka samu kuma talla ce ga LSU a talabijin. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ni a nan ina bayan Carter. Masu kallon ƙwallon ƙafa za su tuna Sifaniya ta yi irin wannan hukunci a 2018, lokacin da ta kori Julen Lopetegui ana gobe za a fara gasar cin kofin duniya a Rasha, saboda ya ƙulla da Real Madrid. Sai dai Sifaniya ba ta ji daɗin gasarta ba. Ole Miss ta ji.

Ranar 20 ga Disamba suka karɓi Tulane a Oxford suka ci ta 41 da 10. Ranar 1 ga Janairu a New Orleans, cikin jihar Louisiana ɗin, suka rama abin da Georgia ta yi musu, 39 da 34. A wasan kusa da na ƙarshe Miami ta fitar da su da ƙyar, 31 da 27, ana dab da tashi. Amma dubi yadda aka yi aikin. Charlie Weis Jr., mai tsara kai hari, da wasu mataimaka sun riga sun sa hannu da LSU, sai aka yarda su ƙarasa gasar da Ole Miss. Mutanen nan suka riƙa kai-komo tsakanin Oxford da Baton Rouge, yau suna tsara wa waɗannan yara wasa, gobe suna nema wa waccan jami'a 'yan wasa. Washegarin nasara a kan Georgia kasuwar ta buɗe. Yaron da ya kamata hankalinsa ya tattaru a kan wasa mafi girma a rayuwarsa, wayarsa na ta ƙara da tayin kuɗi.

Wannan ne ya fi damuna a lamarin. Yaran nan shekararsu 18 zuwa 23. Koci ya shiga falon gidansu, ya zauna da uwa da uba, ya ce ku ba ni ɗanku amana. Wasa ne mai karya ƙashi da taɓa ƙwaƙwalwa, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu za su kai NFL. Ga mafi yawansu, wannan gasa ita ce ƙololuwa, ba za a sake ba. Kociyoyi sun daɗe suna kukan cewa yaran yanzu ba su da riƙon alkawari, da an ga kuɗi sai a tashi. Amma har zuwa 2021 ɗan wasan da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda bai buga ba, yayin da kocinsa ke iya tashi yau ya fara aiki gobe a wani wuri. Yaran daga manya suka koya.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A NFL akwai ƙa'ida kan lokacin da za a iya tattaunawa da kocin da ƙungiyarsa ke cikin gasa, kuma ba a kammala ɗaukarsa sai an fitar da su. A jami'o'i ma da za a matsar da ranar sa hannun yaran sakandare da kasuwar sauya sheƙa zuwa bayan wasan ƙarshe, a kuma hana ɗaukar koci kafin nan, da rabin rikicin ya mutu. Abin da ke hana wa shi ne, na farko, zangon karatu yana farawa a Janairu, kuma ɗan wasan da ya sauya jami'a dole ya yi rajista a kan lokaci tunda a takarda ɗalibi ne. Na biyu, hukumar NCAA da ke kula da wasannin jami'o'i ta yi rauni. Ta sha kaye a kotu sau da dama kan dokokin hana gasa a kasuwa, har Kotun Ƙoli ta yanke mata hukunci a 2021 ba tare da alƙali ko ɗaya ya goya mata baya ba. Duk dokar da za ta taƙaita wa mutum neman aiki, lauyoyi na jiranta. Na uku kuma, manyan jami'o'in da ke da ƙarfin sauya tsarin su ne ke cin moriyarsa, don su ne masu ɗauka, ba su ake ɗauke wa ba.

Duk da haka ba na so a ɗora wa kalanda komai a wanke mutum. Kalanda ta matse Kiffin, amma ba ta sa masa hannu a takarda ba. A kakar 2025 ɗin akwai wanda ya zaɓi wata hanya. Curt Cignetti ya karɓi Indiana a ƙarshen 2023, jami'ar da a lokacin babu wadda ta kai ta yawan shan kaye a tarihin babban rukuni. Da Penn State ta kori James Franklin a Oktoban 2025 aka fara ambaton sunansa, cikin 'yan kwanaki ya sabunta kwantiraginsa da Indiana, maganar ta mutu. Ranar 19 ga Janairun 2026 ya doke Miami 27 da 21 ya ɗauki kofin ƙasa, wasa 16 ba a ci shi ko ɗaya ba. Wannan ya raunana tsohuwar hujjar cewa sai a gidaje biyar ko shida ake iya zama zakara. Da gurbi 12, da damar biyan 'yan wasa, da kasuwar sauya sheƙa, tazarar da ke tsakanin babba da matsakaici ta ragu. Ole Miss ɗin da Kiffin ya bari don ya je inda ake cin kofi, wasa biyu ya rage mata ta ci shi.

Mai yiwuwa lissafinsa ya fi nawa tsawo. Kaka ɗaya mai kyau daban, iya maimaita ta shekara goma daban, kuma a nan LSU tana da abin da Ole Miss ba ta da shi. Sai dai babban gida da nasa sharaɗin yake zuwa. A Oxford, nasara 10 a shekara ta isa a riƙe mutum har ya tsufa, a sa wa titi sunansa. A Baton Rouge, Orgeron ya ɗauki kofi a Janairun 2020 ba tare da an ci shi wasa ko ɗaya ba, kafin shekara biyu ta cika aka raba gari da shi. Kelly kuwa wasa 34 ya ci cikin 48, kuma jami'ar ta gwammace ta ɗauki nauyin dala miliyan 54 da ta bar shi ya ƙarasa kakarsa ta huɗu.